Wanda Ya Dawo Gida Da Abin Da Ya Tarar

Wannan shi ne jawabin da wani dattijo ɗan kasuwa ya yi a unguwar Utako ta Abuja, wurin zaman da 'yan'uwa waɗanda suka dawo daga ƙasashen waje suka yi. Mun kawo shi domin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, musamman masu tunanin tattara kaya su komo.

Ina gode wa shugabannin wannan zama da suka ga ya dace in yi magana, alhali kuwa a cikinku akwai malamai da waɗanda suka girme ni. Na san abin da ya sa aka zaɓe ni, watau na riga yawancinku shan wannan ruwa, kuma a gidanmu sau biyu aka sha shi.

Mahaifina a Zangon Kumasi ya yi arzikinsa da fataucin goro. Ran 18 ga watan Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Kofi Busia ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya fita daga Gana cikin mako biyu. Ya sayar da abin da ya sayu, ya bar abin da ya ƙi sayuwa, ya iso Kano da iyali da ƙunshin tufafi. Ni kuma da na kawo ƙarfi sai na nufi Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, na kafa rumfar atamfa a unguwar Kilomita Biyar. Ran 5 ga watan Disamba 2013 'yan bindigar Anti-balaka suka auka wa birnin, aka shiga farautar Musulmi gida gida. Cikin Janairun 2014 jirgin da Gwamnatin Tarayya ta aiko ya sauke mu a Abuja, ni da jaka ɗaya. Tun daga ran nan a nan Utako nake neman abincina.

Tambayar da kowane sabon zuwa yakan yi mini ita ce, "Baba, shin garin nan akwai zaman lafiya?" Bari in ba ku labarin mutum uku da na zauna da su kan benci ɗaya bakin tasha, sa'an nan ku ga wuyar amsar.

Na farko ɗalibi ne da yaƙi ya ci shi a Khartum. Kun san ran 15 ga watan Afrilu 2023 sojan Sudan da dakarun RSF suka kama faɗa a tsakiyar birnin. Shi da 'yan'uwansa suka yi kwanaki cikin motoci a hamada, suka sake yin wasu kwanakin a bakin iyakar Masar, kafin jirage su fara sauke su a Abuja a farkon watan Mayu. Fiye da mutum 2,000 aka kwaso. Wannan yaro ya ce mini daren da ya fara kwana a Abuja shi ne daren farko cikin makonni da ya yi barci har asuba, kuma ko ƙarar janareton maƙwabta daɗi take yi masa, tunda ba igwa ba ce. Na biyu tela ne da ya shekara goma sha a Jidda, yana cikin ɗaruruwan da aka kwaso daga Saudiyya cikin Janairun 2021 aka ajiye a sansanin alhazai na Abuja. Shi kuwa har yau in magariba ta yi ba ya fita. Ya saba da garin da mutum ke yawo da kuɗi a aljihu tsakar dare ba ya waiwaye, ko da yake ya manta da cewa a can ma gudu yake yi in ya hango motar masu kamen marasa igama. Na uku saurayi ne da Hukumar Ƙaura ta Duniya ta fito da shi daga wurin tsare mutane a Libiya. Shi ba ɓarawo yake tsoro ba. Mai kaki yake tsoro, kowane iri, har da mai ba da hannu a titi.

To, ga titi ɗaya, ga tasha ɗaya, ga hukunci uku. Kowannensu da ma'aunin inda ya fito yake awo, kuma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Saboda haka abin da nake so mu rarrabe yau shi ne tsoron da muka ɗauko a ƙirjinmu daga can, da haɗarin da yake nan a ƙasa da gaske.

Har ila yau akwai ma'auni na huɗu, na wanda yake nesa yana jin labari ta waya. Cikin watan Oktoba 2022 ofishin jakadancin Amurka ya yi gargaɗin cewa ana iya kai hari Abuja, har babban kantin nan na bakin tafkin Jabi ya rufe na 'yan kwanaki. A makon nan wani aminina da ke Kamaru ya buga mini waya yana roƙona in kwashe iyali in gudu. Ina amsa masa ina kallon kasuwar Utako tana ci kamar kullum, masu doya suna ciniki, 'yan dako suna tura baro. Wanda ke nesa mummunan labari kaɗai ke isa gare shi, domin ba mai aika saƙo ya ce yau an wuni lafiya.

Amma fa ba zan ruɗe ku ba. Haɗari akwai shi. Mu da muka daɗe a nan mun ga bom na tashar Nyanya ran 14 ga watan Afrilu 2014, wata uku kacal da saukata, har na ce a raina ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. An tare jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga watan Maris 2022, an kashe wasu an tafi da wasu daji. An fasa gidan yarin Kuje ran 5 ga watan Yulin shekarar, ɗaruruwan fursunoni suka tsere. A farkon 2024 masu satar mutane suka addabi yankin Bwari. Ku lura da wuraren da na ambata. Yawancinsu gefen gari ne da kan hanya, watau daidai inda talaka ke kwana da inda yake bi.

A cikin gari kuwa abin da ya fi cin baƙo shi ne 'yan wan-cans. Mota ce za ta tsaya maka da magariba kamar ta haya, da fasinja biyu ko uku a ciki, wani sa'i har da mace don hankalinka ya kwanta. Da an ja sai a ɗaga gilashi, a karɓe waya da katin banki, a tilasta maka faɗin lambar sirri, a yashe asusunka, sa'an nan a wurgo ka a gefen babban titi, wani lokaci motar ma ba ta tsaya ba. Wanda ya saba da ƙasar da ake tsai da kowace mota a shiga, shi ne abincinsu. Ku shiga mota a tasha, ko da kuɗin ya ɗara, kuma ku gaya wa matanku da 'ya'yanku haka tun ran da suka sauka.

Yanzu bari in zo ga abin da na fi so in daɗe a kai, domin a cikin mutanen da na sani sun dawo, waɗanda ɗan fashi ya talauta ba su da yawa. Abin da ya karya yawancinsu tsadar zama ce. Shekarar da na sauka litar man fetur Naira 97 ce, dalar Amurka kuwa ba ta kai Naira 200 ba. Ran 29 ga watan Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, bayan 'yan makonni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Cikin Fabrairun 2024 dala ta haura Naira 1,500, kafin ƙarshen shekarar litar mai ta haura Naira 1,000 a Abuja. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu cikin Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Wanda ya bar ƙasar nan shekara goma da suka wuce, farashin wancan zamani ne a kansa, sai ya ga abin da ya taro kamar dukiya ce mai yawa. Mai riyal ko sefa in ya canja yakan ga takardu tuli ya yi murna, sai ya shiga kasuwa ya ga yadda tulin ke narkewa.

Ga kuma haya. Mai gida a Abuja kuɗin shekara guda yake so a dunƙule, wani ma na shekara biyu, ban da na dillali da na lauya. Ɗakin da ke cikin Utako ko Jabi ko Wuse ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Dole ya koma Karmo ko Gwagwa ko Dei-Dei ko Zuba, ko ya tsallaka Mararaba ta Jihar Nasarawa, ko Suleja ta Jihar Neja. Abin da ya rage a haya sai ya biya shi a kuɗin mota, ya fito kafin gari ya waye, ya koma bayan isha'i, watau a sa'o'in nan biyu da na ce ɓarayi sun fi so. Kun ga yadda talauci ke kai mutum bakin haɗari da ƙafarsa. Mai hali yana cikin gida mai katanga da mai gadi da rijiyar burtsatse da fitilar hasken rana, ya sayi zaman lafiyarsa da kuɗinsa, shi ya sa in ka tambaye shi zai ce maka Abuja lafiya lau. Gaskiya ya faɗa, amma tasa Abujar.

Sai maganar dangi, wadda ba a son faɗinta a bainar jama'a. Duk wanda aka ce ya dawo daga waje, ko korarsa aka yi, ana ganin da abu a hannunsa. Wannan ya zo da maganar asibiti, wancan da ta aure, kunya ta hana shi cewa babu, kafin wata shida jari ya tafi. Waɗanda aka kwaso daga Sudan an ba su Naira 100,000 kowanne a filin jirgi. An gode, kuɗin mota ne zuwa gida, amma ba jari ba ne, kuma na san wanda tun kafin ya kai garinsu an riga an raba masa su ta waya. Mahaifina ya taɓa gaya mini cewa abin da ya bari a Kumasi bai yi masa zafi ba kamar ranar da ya gane waɗanda ya shekara ashirin yana aika wa goro da turmin atamfa sun fara ƙosawa da ganinsa a zaure.

Abu na gaba takardu. Yau ba ka da layin waya ba ka da asusun banki sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, da lambar BVN. Wanda aka haifa a Makka ko Omdurman, Larabci ne a bakinsa, ba shi da takardar haihuwa ta nan, ba shi da takardar ƙaramar hukuma, sai a riƙa yi masa kallon baƙo a ƙasar kakanninsa, yara kuma suna tsokanarsa da Takari. Wanda ya karanto aikin likita a waje ba zai taɓa majinyaci ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa. Ku fara da waɗannan tun makon farko, kafin kuɗin hannu su ƙare.

Ina so wannan magana ta kai ga 'yan'uwanmu na Kurmi, domin kullum safiya motocin Ikko da Anacha da Fatakwal a nan Utako suke sauke fasinja, kuma ina ganin masu saukowa da katifa da tukwane. Ku ba ƙasar waje kuke ba, Nijeriya taku ce daga Agege har Illela, amma na san duk sa'ad da wani abu ya faru, kamar rikicin kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairun 2021, ko kisan matafiya 16 a Uromi cikin Maris 2025, zuciya takan ce a tattara a tafi. Wanda ransa ke cikin haɗari ya tashi, ba a jayayya da wannan. Wanda kuwa yake da sarari, kada ya sayar da rumfarsa ta Sabo ko ta Mile 12 cikin fushi. Ya zo shi kaɗai tukuna, ya yi wata guda, ya tambayi kuɗin ɗaki da na makarantar yara da na buhun masara, ya bi hanyar garinsu da rana ya ji abin da direbobi ke faɗi. Wanda ya shekara talatin a Shagamu baƙo ne a Funtuwa kamar yadda na zama baƙo a Kano.

Ga hukuma kuma ina da roƙo. Akwai Hukumar Ba da Agajin Gaggawa, akwai hukumar 'yan Nijeriya mazauna waje wadda Abike Dabiri-Erewa ta fara shugabanta a 2019, akwai ta 'yan gudun hijira. Sun iya tarbar mutane a filin jirgi, mun shaida. Abin da ya rage shi ne wata na biyu da na uku, lokacin da masu ɗaukar hoto sun watse. A ware tebur ɗaya inda wanda ya dawo zai yi lambar ɗan ƙasa da takardar makarantar 'ya'yansa ba tare da an yi ta tura shi daga ofis zuwa ofis ba. Ma'aikatar Birnin Tarayya kuma, tunda an buɗe sabuwar tashar Mabushi a 2025, a wadata hanyoyin Karmo da Kubwa da Nyanya da manyan motoci masu rajista har zuwa bayan isha'i, a kuma kunna fitilun titi a wuraren da mutane ke tsayawa jiran mota.

Mu kuma da muka riga zuwa, akwai littafi a wurin magatakardan wannan zama. Duk mai rumfa ko gareji ko shagon ɗinki da zai iya ɗaukar mutum ɗaya na wata uku, ya rubuta sunansa kafin a tashi. Ni na rubuta nawa, zan ɗauki biyu.