Daga Hoto Zuwa Gini: Yadda Kwamfuta Ke Maido da Zurfin da Kyamara Ta Zubar

 

An nemi in yi bayani kan wani fanni na ilimin kwamfuta, wato binciken da ke koya wa na'ura ta dubi hotuna ta gano siffar wurin da aka ɗauka, tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa, har ta sake tayar da shi a cikinta yadda mutum zai iya zagaya shi ta kowace kusurwa. Zan faɗi yadda ake aikin, da inda aka kwana, da abin da nake ganin ya rataya a wuyanmu.

Tushen matsalar shi ne, hoto shimfiɗaɗɗen abu ne. Tsawo da faɗi suna shiga cikinsa, nisa kuwa a waje yake tsayawa. Kusan shekara dubu da suka wuce, Alhasan ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido a kan miƙaƙƙen layi. To, kowane ɗigo a hoto yana gaya mana layin da hasken ya biyo, amma ba ya gaya mana a ina abin yake tsaye a kan layin. Ƙaramin abu na kusa da babban abu na nesa suna iya cin wuri ɗaya a hoto.

Yanzu kowa ya miƙa hannu ya ɗaga babban yatsansa. Ku rufe idon hagu, sannan ku buɗe shi ku rufe na dama. Kun ga yatsan yana tsalle, bangon da ke nesa kuwa da ƙyar yake gusawa. Wannan bambancin ne ƙwaƙwalwa ke karantawa ta san kusa da nesa, kamar yadda Charles Wheatstone ya nuna a Ingila a 1838. Shi ne kuma jarin masu wannan bincike.

A 1963 Lawrence Roberts, a jami'ar MIT ta Amurka, ya sa kwamfuta ta gane siffar 'yan tubala masu kusurwa daga hoto. A 1966 malaman jami'ar suka tsara wa ɗalibai aikin hutun bazara guda, da fatan gina babban ɓangare na na'urar gani. Shekaru kusan sittin ke nan, aikin bai ƙare ba. A 1981 Christopher Longuet-Higgins ya nuna cewa idan aka sami ɗigo takwas da suka bayyana a hotuna biyu na wuri ɗaya, lissafi zai iya fitar da inda kyamarorin suka tsaya da siffar wurin a lokaci guda.

Bari mu bi aikin daki-daki. A ce kun zagaya masallaci kun ɗauke shi hoto sau ɗari. Da farko kwamfuta za ta tsince wuraren da suka fita daban a kowane hoto: kusurwar taga, tsagar bango, bakin indararo. Hanyar da David Lowe ya fito da ita a Kanada a 1999 ta sa ana iya gane kusurwar nan ko an ɗauke ta daga nesa, ko kyamara ta karkace. Daga nan sai ta haɗa: wannan kusurwar ta hoto na uku ita ce ta hoto na ashirin. Sai ta ja layi daga kowace kyamara zuwa kusurwar. Inda layukan suka haɗu, nan kusurwar take. Haka za ta yi wa dubban ɗigo, tana gyara matsayin kyamarori da na ɗigon tare, har kuskure ya ragu, siffar masallacin ta tsaya.

A 2006 Noah Snavely da Steven Seitz da Richard Szeliski suka nuna cewa hotunan 'yan yawon buɗe ido da ke warwatse a intanet ma sun isa. A 2009 masu bincike na jami'ar Washington suka sarrafa hotunan birnin Rum 150,000 cikin ƙasa da kwana guda, suka tayar da manyan gine-ginensa. A 2020 aka fito da hanyar NeRF, inda ake horar da kwamfuta ta haddace launi da kaurin kowane gurbi na wuri, ta iya zana shi daga kusurwar da ba a taɓa ɗauka ba. A 2023 masu bincike a Faransa da Jamus suka kawo wata dabara ta wakiltar wuri da miliyoyin 'yan dunƙule masu launi, wadda ta sa ana zagaya shi a allo nan take.

Sai dai, jama'a, aikin yana da iyaka. Farin bango sumul ba ya ba na'ura abin kamawa. Gilashi da ruwa suna ruɗa ta, domin abin da suke nunawa yana canzawa da matsayin mai kallo. Hotuna kaɗai ba sa faɗin ainihin girman abu, sai an sa wani ma'auni da aka san tsawonsa. Babbar iyakar kuwa ita ce, abin da kyamara ba ta gani ba, kwamfuta ba ta san shi ba. Sababbin manhajoji suna cike giɓin da kintace mai kyan gani, kuma a nan haɗarin yake. Awo daban, kintace daban. Wajibi ne mai bincike ya nuna a fili inda ya auna da inda na'ura ta cike masa.

Misalai biyu za su nuna nauyin wannan magana. Ranar 15 ga Afrilu, 2019, gobara ta cinye rufin majami'ar Notre-Dame ta Paris. Shekaru kafin haka, wani masanin tarihin gine-gine, Andrew Tallon, ya auna ginin da na'urar leza, ya tara ɗigo kimanin biliyan guda. Ya rasu a 2018, amma awonsa ya zama shaida kan yadda ginin yake kafin wuta. A Mosul ta Iraƙi kuwa, da 'yan ISIS suka farfasa kayan gidan tarihi a 2015, sai masu sa kai suka shiga roƙon tsofaffin hotuna daga jama'a. Sun samu sun tayar da siffar wani mutum-mutumin zaki, amma iya hoton da aka samu, iya abin da ya dawo.

A nahiyarmu, masu aikin shirin Zamani na jami'ar Cape Town sun auna babban masallacin Jenne da na Jingarebar a Timbuktu. Mu ma muna da gine-ginen ƙasa da damina ke zaizaya kowace shekara: ganuwar Kano da ƙofofinta, hasumiyar Gobarau a Katsina, masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, da hasumiyar Agadas. Siffar da aka adana a kwamfuta ba za ta maye gurbin yaɓe da hannun magini ba, amma za ta nuna wa maginin gobe yadda bakan gizo da zanen bango suke kafin su zube.

Don haka ina kira ga sassan kwamfuta da na zanen gine-gine da na tarihi a jami'o'inmu su haɗa hannu da masarautu da sarakunan magina. Wayar da ke aljihun ɗalibi ta isa a fara, kuma akwai manhajojin kyauta irin su COLMAP da Meshroom. Ku nemi izini, ku ɗauki hotuna masu yawa waɗanda kowanne ya shiga cikin na kusa da shi, ku sa ma'auni, ku rubuta ranar da aka ɗauka, a kuma ajiye bayanan a hannun cibiyoyinmu. A yi wannan aiki tun gine-ginen suna tsaye.