Hakkin Yaro Ba Sadaka Ba Ne

Jawabin da aka yi wa jama'a ranar kasuwa a Shanga

'Yan'uwa talakawa, manoma da masunta da 'yan kasuwa. Yau maganar 'ya'yanmu ce ta tara mu.

A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Farko, yunwa tana ta kashe yara a Jamus da Ostiriya, don Ingila da ƙawayenta sun tare musu hanyar abinci. Sai wata Baturiya, Eglantyne Jebb, ta fito titin Landan tana raba takardu masu hoton yaran nan. Aka kama ta, aka ci ta tarar fam 5. Mene ne laifinta? Ta ji tausayin 'ya'yan abokan gaba! Mu Hausawa mun daɗe da sanin amsa: ɗa na kowa ne. A shekarar ita da ƙanwarta suka kafa ƙungiyar Save the Children.

Amma ta lura sadaka ƙarewa take yi. Don haka ta rubuta hakkokin yaro guda 5, Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani ta karɓe su a Jeniba a 1924. A ciki akwai ciyar da mai yunwa, da jinyar marar lafiya, da fara ceton yaro idan masifa ta faɗo. Aka kafa UNICEF a 1946. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙulla yarjejeniyar hakkin yara a 1989, Nijeriya ta amince a 1991, ta yi tata dokar a 2003.

To, 'yan'uwa, takarda ta cika. Ina aiki? A 2010 gubar dalma ta kashe yara kamar 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, sai da likitocin agaji na waje suka kawo ɗauki. Ran 17 ga Yuni 2021, nan kusa da mu, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar Birnin Yauri. Waɗansu 'yan matan sai 2023 suka ga iyayensu.

Mun gode wa masu agaji, amma baƙo raɓa ne. Makaranta mai tsaro, da asibiti mai magani, da ruwa mai tsabta bashi ne a wuyan hukuma, kuɗin harajinmu ne. Namu aikin kuwa mu yi wa yaro rajistar haihuwa, mu kai shi rigakafi, mu sauke masa farantin talla lokacin karatu. Kowa ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi: me ka tanadar wa 'ya'yanmu?

Allah ya raya mana su.