KOTU TA KORI ƘARA, WA ZAI WANKE SUNA?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, abin da za mu tattauna a wannan zama shi ne halin da ƙungiyar al'umma take shiga bayan an yi shari'a a kanta, kotu kuma ta kori ƙarar. Ranar da aka shigar da ƙara, gari kan ɗauka. Ranar da aka kore ta kuwa, sai ka ji shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Bari mu ɗauko misali daga nesa, domin kada wani a cikinmu ya ɗauka da shi ake. A garin Murfreesboro na jihar Tennessee ta Amurka akwai wata cibiyar Musulunci wadda ta samu izinin gina sabon masallaci a watan Mayun 2010. A watan Agusta aka cinna wa injinan aikin wuta. Daga baya wasu mazauna garin suka kai ƙaramar hukuma ƙara saboda ta ba da izinin, har lauyansu ya riƙa jayayya a gaban alƙali cewa wai Musulunci ba addini ba ne, abin da ya sa Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta rubuta wa kotun cewa lalle addini ne. A 2012 alƙalin ya soke izinin, bisa dalilin cewa ba a sanar da jama'a zaman da aka ba da shi yadda ya kamata ba. Kotun tarayya ta shiga tsakani, aka buɗe masallacin a watan Agustan wannan shekara, cikin Ramadan. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin alƙalin a 2013, sannan a 2014 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron masu ƙara.

To, shari'a ta ƙare, amma maganganun da aka shekara huɗu ana shukawa ba su mutu ba. A 2017 wasu suka je da dare suka yi rubutun ɓatanci a jikin ginin, suka rataya naman alade a ƙofa. Kotu ta ba su damar shiga masallacinsu. Ba ta da ikon shiga zukatan mutane ta goge abin da kunne ya riga ya ji.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Imamul Buhari ya ruwaito cewa mutanen Kufa sun kai ƙarar gwamnansu, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, wurin Sarkin Musulmi Umar ɗan Haɗɗabi, har suka ce bai iya salla ba. Subhanallah! Mutumin da aka yi wa bushara da Aljanna tun yana raye! Umar ya aika aka bi masallatan Kufa ana tambaya, ko'ina sai yabo, in ban da mutum ɗaya a masallacin Banu Absi da ya tashi ya soke shi. Ba a tabbatar da laifi a kansa ba, amma Umar ya sauke shi domin kashe wutar fitina. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Lokacin da aka soki Umar da wuƙa a shekara ta 23 bayan Hijira, yana kwance cikin jinyar ajali, ya sanya Sa'adu cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu, ya kuma faɗa a bainar jama'a cewa bai sauke shi don gazawa ko ha'inci ba. Umar ya san cewa tuhumar da aka yi a fili, a fili ake janye ta, in ba haka ba sauke Sa'adu zai zama hujja a bakin masu sukarsa har abada.

Mu fa? Da yawa daga cikinmu mun taɓa ɗaukar labarin cewa an kai kwamitin masallaci ko na makarantar Islamiyya kotu a kan fili ko kuɗin gudummawa, muka kai shi majalisa. Mu nawa ne muka koma wannan majalisar muka ce an kori ƙarar? Wanda ya kai labarin tuhuma, bashi ne a wuyansa ya kai labarin kora, ga mutanen da ya gaya wa da farko. Kafin ya yi haka, mai ba da sadaka ya janye hannunsa, uba ya cire ɗansa daga makaranta, maraya ya rasa abin da ya saba samu.

Sai dai akwai magana mai ɗaci da za mu gaya wa shugabannin ƙungiyoyi, ko da ba za ta yi daɗin ji ba. Korar ƙara iri-iri ce. Ana korar ta don an bincika ba a sami laifi ba, ana kuma korar ta don lokacin shigar da ita ya wuce, ko don kotun ba ta da hurumi. Ko a Murfreesboro, abin da kotun ɗaukaka ƙara ta yanke shi ne cewa sanarwar da hukuma ta bayar ta wadatar, ba shaidar hali ta yi wa kowa ba. Saboda haka bai dace kwamiti ya fito daga kotu da kabbara, ya ce an wanke shi, sannan ya kulle littafin kuɗi a durowa ba. Umar bai tsaya ga darajar Sa'adu ba, sai da ya aika aka tambayi mutane.

Abin da muke kira a yi shi ne, Juma'ar da ta biyo bayan hukunci, bayan an idar da salla, sakatare ya tashi ya karanta dalilin korar kamar yadda alƙali ya rubuta, ba ragi ba ƙari. Ma'aji ya kawo rasit da littafin shiga da fita, a naɗa mutane amintattu waɗanda ba 'yan kwamiti ba su duba, su kawo wa jama'a bayani. Wanda ya kai ƙarar kuma, in ɗan unguwa ne, a aika masa da gayyata ya zo ya zauna a sahun gaba, a ba shi littafin ya duba da idonsa.