Margaret Ogola da Haƙƙin Matar Aure na Ci Gaba da Karatu

Lacca da aka gabatar a Abaji

 Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

An nemi in yi magana a kan mata da ilimi, ni kuwa na zaɓi mace guda: Dakta Margaret Atieno Ogola, 'yar ƙasar Kenya, likitar yara, marubuciya, 'yar Katolika mai riƙo da addininta, uwar 'ya'ya huɗu da ta haifa da biyu da ta riƙa. An haife ta ranar 12 ga Yuni 1958 a Asembo, cikin ƙabilar Luo, ta rasu a watan Satumba 2011 bayan fama da ciwon daji, tana da shekara 53. Na san wani zai ce me ya kai mu Kenya alhali ga Nana Asma'u a gida. Babu wanda ke zaune a nan da bai san 'Yan Taru da jajojinsu ba. Sai dai duk lokacin da na kawo sunan Nana a gaban jami'an ilimi, amsar da nake samu ita ce ai 'yar Shehu ce, kuma zamaninta daban. To yau ga macen da ta yi zamani da mu, ta yi aikin asibiti, ta yi goyo, ta riƙe gidan miji.

Ku riƙe mini waɗannan shekaru, domin a kansu hujjata ta tsaya. A 1984 ta gama digirin likitanci a Jami'ar Nairobi, tana da shekara 26, ta kama aiki a babban asibitin Kenyatta. A 1990, tana da shekara 32, ta gama digiri na biyu a fannin lafiyar yara. A 1994 littafinta na farko ya fito, The River and the Source, kuma a shekarar ce ta karɓi ragamar kula da lafiya a gidan Cottolengo, inda ake rainon marayu masu ɗauke da cutar ƙanjamau. A 1995 littafin ya ci kyautar Jomo Kenyatta, ya kuma ci kyautar marubutan ƙasashe renon Ingila ta littafin farko mafi kyau a yankin Afirka. Daga 1998 zuwa 2002 ita ce ke riƙe da sashen lafiya da rayuwar iyali na majalisar bishop-bishop ɗin Kenya. Sannan a 2004, tana da shekara 46, ta sake karɓar wata takardar shaida, difloma ta gaba da digiri a kan tsarawa da gudanar da ayyukan raya ƙasa, daga Jami'ar Katolika ta Gabashin Afirka.

Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi tsaya mini a rai. Mace ce da ta riga ta zama ƙwararriyar likita, sunanta ya zagaya ƙasa, ana karanta littafinta a makarantun sakandaren Kenya don jarrabawar fita. Babu abin da ya rage ta nuna wa kowa. Amma aikin da ke hannunta ya canza, ya tashi daga duba yaro ɗaya a kan gado ya koma tafiyar da asibitoci da kasafi da ma'aikata, sai ta ga akwai abin da ba ta sani ba, ta koma aji ta koya. Tsakanin takardarta ta farko da ta ƙarshe shekara 20 ne cif, kuma a cikin shekarun nan ne ta yi rainon 'ya'yanta, ta rubuta I Swear by Apollo, ta haɗa hannu da wata marubuciya suka rubuta tarihin Kadinal Maurice Otunga, ta kuma rubuta littafin tarbiyyar yara tare da mijinta, wanda shi ma likita ne. Bayan diflomar sai ga Place of Destiny, labarin wata mata da ke fama da ciwon daji, shi ma ya ci kyautar Jomo Kenyatta.

Yanzu ku dubi abin da muke kira ilimin manya a wannan yanki namu. Na daɗe ina sa-in-sa da masu tsara shi, kuma ba zan fasa ba. Matar aure ta zo ajin yaƙi da jahilci, a koya mata baƙaƙe da wasula, ta iya rubuta sunanta, daga nan a tura ta koyon haɗa sabulu da man shafawa. A ƙarshen zango a raba keken ɗinki, a ɗauki hoto, a rufe fayil. Sana'a abu ne mai kyau, ni ma ina so mace ta riƙe kuɗin kanta. Abin da nake ƙi shi ne a yanke mata hukunci tun daga ƙofa cewa iyakar kanta ke nan. Akwai mata a Yaba, a Gawu, a Pandagi, waɗanda aka cire daga aji uku ko aji huɗu na sakandare aka yi musu aure, kuma sun fi da yawa daga cikinmu kaifin ƙwaƙwalwa. Wace hanya muka shimfiɗa musu daga inda suka tsaya zuwa jarrabawar NECO? Wace hanya daga NECO zuwa kwalejin horar da malamai ko makarantar ungozoma? Muna alfahari da kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya da ke garin nan, ya kuma kamata mu yi, amma ita ta 'yan mata ce. Uwar da ta kawo yarinyar bakin ƙofa fa?

Kuma kada a ce mini wannan sai a Kenya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, ta hanyar karatun manya ta dawo, ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne. Da an tsayar da ita a kan keken ɗinki, da adabin Hausa ya yi asarar da ba mai iya lissafa ta.

Sai littafin The River and the Source kansa. Ogola ta faɗa da bakinta cewa daga mahaifiyarta ta samo shi, daga labaran da take ba ta na uwarta da kakarta. Labarin ya bi mata zuriya huɗu. Ya fara da Akoko, wadda mijinta sarki ya rasu, ƙaninsa ya danne sarauta da dukiya, ita kuwa ta taka da ƙafa har Kisumu ta kai ƙara gaban Turawan mulki don ƙwato wa jikanta haƙƙinsa. 'Yarta Nyabera ta binne 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, baƙin ciki ya kai ta mishan ta shiga Katolika. Jikar Akoko, Awiti, ta zama malamar makaranta, 'ya'yanta kuma suka fito likita da fada da injiniya. Wace tsohuwa ce a cikin Igbira ko Gbagyi ko Bassa ko Hausawan garin nan da ba ta da labarin gado da aka danne, ko na 'ya'yan da kyanda ta kwashe? Labaran suna nan a tsakar gidajenmu, masu su kuma suna ta rasuwa, ba mu horar da 'ya'yansu mata su rubuta ba.

Wasu abokan aikina a jami'o'i suna kallon Ogola a kaikaice. Suna cewa addini ya yi mata yawa, tana cikin ƙungiyar Opus Dei, kuma a taron mata na duniya da aka yi a Beijing a 1995 ta tsaya ta kare martabar uwa da haihuwa a lokacin da guguwar taron ke kaɗawa wani gefe. Wanda ya ga dama ya yi jayayya da ra'ayinta. Amma wanda ya ce imani da aure suna daƙushe alƙalamin mace, to ya zo ya yi mana bayanin littattafan nan, ya kuma yi mana bayanin marayun Cottolengo, waɗanda ta tsaya a kansu a shekarun da mutane ke gudun taɓa mai ƙanjamau. Imaninta ne ya kai ta wurinsu.

Abin da nake nema a wurin ƙaramar hukuma na sha faɗarsa: a buɗe ajin yamma na matan aure da zai kai su har jarrabawar kammala sakandare, da malamai da ake biya, da ɗaki kusa inda za a ajiye musu goyo. Azuzuwan firamare suna nan a kulle daga ƙarfe biyu na rana, ba sai an gina komai ba. Jami'ar da aka yi shekaru ana yi wa Abaji alkawari, duk ranar da ta buɗe, a sa mata tsarin karatun ƙarshen mako tun daga ranar farko. Masu fassara kuma su nemi izini su juya The River and the Source zuwa Hausa, domin matar da ba ta jin Turanci ta fi kowa cancantar ta karanta shi.

Ku kuma iyayena na Zumuntar Mata da na Islamiyya, kuna haɗuwa kowane mako, kuna da adashi, kuna da shugabanni da ake jin maganarsu. A taronku na gaba ku rubuta sunan duk matar da ta bar makaranta saboda aure kuma take so ta koma, ku kai takardar ofishin ilimi da hannunku. Maza da ke zaune a nan, idan sunan matarka ya shiga takardar, ka biya mata kuɗin rajista.