Ranar da Maroƙa Suka Yi Kyauta

 

An umurce mu da mu ce wani abu game da wasan gidauniya da makaɗan garin nan suka yi kashegarin Babbar Sallah a filin makarantar firamare. Adadin abin da aka tara yana cikin rahoton ma'aji, ba za mu shiga gonarsa ba. Ya isa mu shaida muku cewa ajujuwan nan da aka gina zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, waɗanda iska ta yaye wa rufi, yanzu sun sha sabon kwano, yara sun bar gindin darbejiya sun koma kan benci. Mu maganarmu a kan waɗanda suka tara mu a filin take.

Wanda ya daɗe a birni yana iya mantawa da matsayin Sallah a wurin makaɗi. Makaɗi ba shi da albashi, ba shi da fansho. Kwanakin Sallah su ne kakarsa. A cikinsu yake bin ƙofar fada da gidajen attajirai da zaurukan 'yan gari da suka zo hutu, ya samu riga a nan, ya samu cinyar rago a can, ya tara abin da zai sayi taki da shi. Ranar da kwamiti ya aika wa Sarkin Makaɗa, niyyar ita ce a yi ciniki a biya su lada. Sai ya tara jama'arsa suka yi shawara, suka aiko da cewa ba za su karɓi ko kwabo ba, kuma duk abin da aka yi musu kari da shi a filin na makaranta ne, domin jikokinsu ma a ƙarƙashin wannan rufi suke karatu. Mutanen da al'ada ta sanya wa suna maroƙa, su ne suka fara zuba gudummawa, kuma suka zuba yini mafi tsada a shekararsu.

Ga waɗanda ba su samu halarta ba, an fara bayan sallar azahar. Masu gangar noma ne suka buɗe fili, sai muka ga dattawan da sanda ke riƙe da su sun miƙe suna kwaikwayon saran garma. Masu kalangu suka biyo baya, mahautan gari suka yi musu caa, domin kalangu tun asali kiɗansu ne, kamar yadda dundufa take ta maƙera. Mai gurmi ya zauna shi kaɗai a kan buzu, da ɗan dumansa mai tsirkiya biyu, ya bi sunayen unguwanninmu ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda suka zama kufai. A ɓangaren mata kuwa, masu amada suka kifa ƙore a cikin ruwa, zabiya ta ɗaga murya, iyayenmu suka riƙa kwance bakin zane. Ma'aji ya gaya mana cewa ƙwaryar mata ba ta ji kunya ba a gaban ta maza, ko da yake kuɗin cikinta ƙanana ne kuma sun sha ƙulli.

Mun ji wani daga cikin samarinmu yana cewa wannan dabara ce ta Turawa da aka kwaikwayo. Muna roƙonsa ya tambayi kakansa yadda ake gayya. Idan gonar wani ta fi ƙarfinsa, ko rijiyar unguwa na bukatar yasa, ko hanya ta lalace bayan damina, da ganga ake tara majiya ƙarfi, kuma makaɗi yana biye da su kunya bayan kunya, yana kiran sunan wanda ya yi gaba, yana zolayar wanda ya yi baya, har aikin kwana goma ya ƙare kafin la'asar. Abin da ya sauya kawai shi ne majiya ƙarfin yau garmarsu tana cikin aljihu. Kuma makaɗan sun san wannan sarai. Mun lura da yadda sanƙira yake hango baƙon da ya zo da babbar mota, ya ambaci uban mutumin da sana'ar kakansa, har gogan naka ya rasa yadda zai yi ya ci gaba da zama.

Akwai 'yan'uwa da suka nuna rashin amincewa tun a taron share fage, kuma ba mu ɗauki maganarsu da wasa ba, domin abin da suke gudu, wato cakuɗuwar maza da mata da kalaman batsa da raba dare, abin gudu ne. Kwamiti ya gindaya sharuɗɗa: kowa da ɓangarensa, babu zambo ga kowa, a dakata a yi la'asar cikin jam'i, a tashi kafin magariba. Aka kuma hana liƙi a goshi, aka ajiye ƙwarya a gaban kowace ƙungiya, tunda dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta watsa takardun naira da tattaka su. Makaɗan sun kiyaye duk waɗannan. Wasu daga cikin masu adawar ba su zo filin ba, amma sun aiko da nasu ta hannun ma'aji, kuma mun gode musu.

Wannan ba shi ne karo na farko da makaɗin Hausa ya yi wa jama'a hidima ba. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, makaɗa ne suka riƙa ƙarfafa zukatan mutane. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo a 1973, ta bakinsu talakan ƙauye ya fahimci abin a rediyo. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, da kalangu ya kai Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ɗan Maraya Jos da kuntigi, gwangwani da fata da tsirkiya guda, ya zaga duniya. Amma Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Waɗannan sun yi sa'a, muryoyinsu suna cikin faifai da kaset, malaman jami'a irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta tarihinsu. Namu na gida fa? Mai gurmin da ya sa wasunku share hawaye ya haura shekara saba'in, waƙoƙinsa duk a kansa suke, kuma babu ko ɗaya cikin 'ya'yansa da ya yarda ya ɗauki gurmin. Sun ga abin da sana'ar ta bar wa ubansu, sun kama acaba.

Ba za mu ga laifin yaran ba. Ku da Allah ya buɗa wa, idan kun tashi aurar da 'ya'yanku, daga birni kuke ɗauko yaro da kwamfuta da manyan lasifikoki, ku biya shi kuɗin da mai kalangu ba ya gani a wata shida. Makaɗin gida kuwa yana tsaye a bakin ƙofa, mai gadi yana korar sa, alhali shi ne ya yi wa mahaifinku kiɗa ranar da aka ɗaura aurensa. Ga kuma halin rashin tsaro da ya sa ƙauyuka da yawa suka daina wasan dandali da na kalankuwa, inda yaro yake fara koyon amshi.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro bukata, kuma muna so a shigar da ita cikin rahoton zama. Duk ɗan ƙungiya da zai yi biki ko suna a garin nan, ya ware wa makaɗan gida rana da lada tun a cikin lissafinsa, a kira su da girma, a ba su wurin zama. Sa'an nan ɗalibanmu da ke nazarin Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi su zo a hutun ƙarshen zango su zauna da waɗannan dattawa, su ɗauki muryoyinsu, su rubuta waƙoƙin da sunayen da ke cikinsu, a ajiye kwafi a ɗakin karatu na makaranta. Wayar da ke aljihun kowannensu ta isa wannan aiki. Abin da ƙungiya za ta ɗauka shi ne kuɗin mota da goron da za a kai wa masu waƙar. Mun riga mun yi magana da Sarkin Makaɗa, ya ce ƙofarsu a buɗe take, amma ya roƙi a fara da mai gurmi, domin tun sanyin bara ƙirjinsa ke damun sa.