Jawabi A Kan Daji Da Gonar Talaka

Kullum Gwamnati kuka take yi, wai talaka ne ke cinye daji da gatarinsa. To, me ke sa manomi saran sabuwar gona? Tsohuwar ta gaji, taki ya fi ƙarfin aljihunsa, ga iyali suna jiran tuwo. A 2019 Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za a dasa itatuwa miliyan 25. Ku ce su nuna muku inuwarsu!

Ku dubi maƙwabtanmu na Maradi da Damagaram. Tun wajen 1984 manoma suka fara barin kututture, tohon gawo da kalgo ya tashi cikin gero. Da malaman daji suka sassauta tara, mai gona ya ga itacen nasa ne, sai ga itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan 5. Gawo kuwa, kun sani, da damina yake kaɗe ganye, bai hana hatsi rana ba, ya kuma bar masa taki.

Abin da jam'iyyarmu ke nema ke nan: a rubuta cikin doka, itacen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, a kuma rage kuɗin taki.