Amsar Wasiƙunku: Ƙarin Kuɗin Garanti A Kan Kwamfuta, A Biya Ko A Bari?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a yankin Funtuwa ta Jihar Katsina. Ya ce ɗansa ya sami shiga babbar makarantar koyon fasaha, malamai kuma sun ce lalle sai da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke kira laftof. Ya sayar da masara ya haɗa kuɗi, suka tafi Kano, aka yi ciniki a kan naira dubu 450. Sai mai kantin ya ce in an ƙara dubu 45 zai ba su garanti na shekara 3. Malamin bai biya ba, ya ce sai ya yi shawara. Shi ne yake tambaya, wai mene ne wannan garanti, kuma ya biya ko ya bari?

To malam, mun gode da wasiƙarka, kuma ka yi dabara da ba ka yi gaggawa ba, domin mai tambaya ba ya ɓata.

Bari in fara da abin da ka fi ni sani. In ka sayi san noma a kasuwa, kuka yi sharaɗi da mai shi a gaban dillali cewa in wani ciwo na ɓoye ya bayyana cikin kwana kaza za ka mayar masa, ai wannan shi ne garanti. Amma in ka kai san gida ya faɗa rami ya karye, ko ɓarayi suka kwance shi da dare, ka san ba ka da bakin komawa wurin mai shi. To, haka abin yake ga kwamfuta. Garanti alkawari ne na kamfanin da ya ƙera ta, cewa in ta lalace saboda aibin da ta fito da shi daga masana'anta, za a gyara ko a sauya abin da ya lalace ba tare da ka biya ko kwabo ba. Manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo galibi shekara 1 suke bayarwa a kan sabuwar laftof, kuma kuɗinsa yana cikin kuɗin sayenta, ba a biyansa daban.

Wancan da mai kanti yake son sayar maka kuwa ƙarin wa'adi ne. Wato alkawarin nan dai na farko ake ja wa kwanaki. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, suna zaton in sun biya ƙarin to duk abin da ya sami kwamfutar an ɗauke musu. Ba haka ba ne. Kafin ka sa hannu a aljihu, ga abubuwan da za ka tambaya.

Da farko, wa ya ɗauki alkawarin, kamfanin da ya ƙera ta ko kuwa mai kantin? In na kamfani ne, akan rubuta shi a kan lambar kwamfutar. Kowace laftof tana da lambarta a ƙarƙashinta, kamar lambar injin babur. Sai yaronka ya shiga shafin kamfanin a intanet da wayarsa, ya rubuta lambar, nan take za a nuna masa ranar da garantin ya fara da ranar da zai ƙare. A yi wannan a cikin kantin, kafin a ƙirga kuɗi. In aka ce maka sabuwa ce dal amma shafin ya nuna garantinta ya ƙare tun bara, to ka san da walakin. In kuwa alkawarin na mai kanti ne shi kaɗai, to ƙarfinsa bai wuce ƙarfin kantin ba. Ni kaina na taɓa sayen wata, mai kantin ya dafa ƙirji ya ce, "Haba malam, ai muna nan." Bayan wata 7 ta ƙi kamawa, na koma na tarar da mai sayar da takalma a shagon. Ba rasit mai kyau a hannuna, ba takarda, sai na haɗiye abina.

Na biyu, daga yaushe ake fara ƙirga shekarun? Galibi daga ranar da aka sayi kwamfutar ne. Ka ga ke nan shekara 3 ɗin nan ta haɗa da shekarar farko wadda dama taka ce. Abin da kuɗinka ya saya a zahiri shekara 2 ce.

Na uku, kuma shi ne babba, me da me alkawarin ya ɗauka? Ka dubi abin da ke kashe laftof a wurarenmu. Wutar lantarki ta tafi ta dawo da ƙarfi, ko janareto ya yi sama ya yi ƙasa, caja ta ƙone ko cikin na'urar ya taɓu. Yaro ya hau acaɓa jaka ta suɓuce, gilashin ya tsage. Shayi ko kunu ya zube a kan maɓallan. Garanti na yau da kullum, da na farkon da ƙarinsa, ba ya ɗaukar waɗannan. Akwai wani nau'i daban da kamfanonin ke sayarwa domin haɗari, shi ne ke ɗaukar faɗuwa da zubewar ruwa da bugun wuta, ya fi tsada, kuma galibi sau 1 ake gyara maka a shekara. Sata ba ta ciki. Batir ma sau da yawa shekara 1 kawai ake tsaya masa ko da an ƙara wa'adin sauran. Haka nan karatun da yaro ya ajiye a ciki, in ya salwanta babu mai biyansa, sai ya riƙa kwafe shi a wani wuri.

Na huɗu, ina ake gyaran, kuma wa zai biya kuɗin kai ta? In wurin gyaran da kamfanin ya amince da shi yana Legas ko Abuja, kai kuma kana Funtuwa, sai ka sa kuɗin mota da kwanakin jira a lissafi. Ka kuma sani in aka gaji da jira aka kai wa mai gyaran bakin hanya ya buɗe ta ya taɓa wani abu, kamfani yana iya cewa ba ruwansa. Sannan ka tambaya daga ina aka shigo da ita, domin wadda aka yi don kasuwar wata ƙasa, kamar Amurka, ba lalle ne a karɓi garantinta a nan ba.

Yanzu ga masu sayen ta hannu, wadda ake kira tokumbo, don na san su ne suka fi yawa a cikin masu sauraronmu. Irin wannan galibi garantin kamfaninta ya daɗe da ƙarewa, abin da ya rage sai kwanakin gwaji da mai kanti zai ba ka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To amma kwanakin nan, ko mako 2 ne ko wata 1, a rubuta su a kan rasit tare da lambar kwamfutar da kwanan wata da hatimin kantin. A cikin kwanakin kuma kada a adana ta a akwati ana jiran ranar komawa makaranta, a yi ta aiki da ita safe da yamma don in da aibi ya fito da wuri.

Ka kuma sani doka tana bayanka. Akwai dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. A ƙarƙashinta, in kaya ya fito da aibi cikin wata 3 da karɓarsa, mai saye yana da ikon mayar da shi a gyara, ko a sauya, ko a ba shi kuɗinsa. Wannan haƙƙinka ne ko ba ka biya ƙarin komai ba. Sai dai fa ba rasit, ba magana.

To malam, ga shawarata. Ka koma ka ce a nuna maka takardar garantin, yaronka ya karanta maka ita a tsanake. In na kamfani ne, ya hau kan lambar kwamfutar, ya ɗauki faɗuwa da ruwa da bugun wuta, wurin gyaran kuma ba ya fi ƙarfinka ba, to dubu 45 a kan kayan dubu 450 da za a yi shekaru ana karatu da shi ba asara ba ce. In kuwa fatar baki ce kawai, ko aka ce takardar sai daga baya, wannan cinikin biri ne a sama, ka riƙe kuɗinka. Ka cire kaɗan ka sayi jaka mai kauri da na'urar kare kaya daga bugun wuta, sauran ka ajiye saboda ranar gyara. Kada kuma a ce maka sai yau ko an fasa, domin manyan kamfanonin galibi suna yarda a sayi ƙarin wa'adi daga baya, muddin na farkon bai ƙare ba.

Muna yi wa ɗalibi fatan alheri a karatunsa. Jama'a, ku ci gaba da aiko mana da wasiƙunku. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.